Inda Raƙuman Suke Komawa

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Tasawa ko na Damagaram ya san wannan abin. Da an gama ɗaure hatsi an kai rumbu, iska ta fara busowa daga arewa, sai wata safiya a wayi gari da raƙuma durƙushe cikin gonar wani. A namu ƙauyen gonar kakana ce zangonsu. Su kawo mashi kantun gishiri da dabino, shi ya ba su damman hatsi, raƙumansu su ci kara su bar mashi taki. Mu yara mu tsaya nesa muna kallon mutanen da idanunsu kaɗai ake gani. Abin da ya ɗaure mani kai a lokacin shi ne ban taɓa ganin mace ko jinjiri cikinsu ba. Na taɓa tambayar kakata: «Kaka, su wai ba su da mata ne?» Ta yi dariya ta ce: «Matansu na can bisa dutsi.»

Sai bara, a babban hutu, na ga dutsin. Wani abokin karatuna ɗan Timiya ya gayyace ni gidansu a watan Agusta. Abin da na gani can ya sa na koma ga littattafan tarihi, don na gane cewa mu ƴan kudu rabin rayuwar mutanen nan muka sani, kuma ba shi ne rabin mai daɗi ba.

Timiya tana tsakiyar duwatsun Abzin, wajen kilomita 220 arewa maso gabas da Agadas. Kudu da ita akwai tsaunin Bagzan, inda ƙololuwar Idukal-n-Tages take, mita 2022, wurin da ya fi ko'ina tsawo a Nijar. Mutanen wannan yanki Kel Ewey ne, wani reshe na Abzinawa. Ruwan da suke samu a shekara bai kai a shuka hatsi ba, amma hatsi ne cimarsu. Daga nan ne dukkan tsarin shekararsu ya samo asali. Hatsi yana ƙasar Hausa. Abin da Bahaushe yake so a ba shi kafin ya saki hatsinsa, wato gishiri da dabino, yana Bilma da Faci, bayan Tenere. Abzin ta zauna tsakani da raƙuma.

Da ruwa ya ɗauke, wajen ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, maza su yanki ciyawar afazo su ɗaure dami-dami, don Tenere ba ta da abin da raƙumi zai ci. Ayarin Timiya yakan bi ta dutsen Adrar Madet da rijiyar Ashegur, na Agadas kuma ta wurin Itacen Tenere da Faci. (Itacen nan da wata mota ta kayar a 1973, wanda muke zuwa gani a gidan tarihi na Yamai, alamar hanya ce a gare su.) Tafiya ce daga safe har tsakar dare ba tsayawa. Ana dama furar hatsi da dabino da cuku a sha ana tafiya. Zuwa da dawowa ya fi wata guda. In sun dawo su huta ƴan makonni, raƙuma su murmure, sai a sake ɗaura kaya a nufo kudu: Damargu, Tasawa, Damagaram, wasu har Katsina da Kano. Can za su ci ɗari, su ci bazara, suna sayar da gishiri kasuwa-kasuwa suna tara hatsi. Ba su kama hanyar gida sai hadari ya fara haɗuwa.

Lissafa da kanka. Magidanci yakan yi wata bakwai, takwas, har tara ba ya gida. Gidan kuwa, in za a faɗi gaskiya, ba nasa ba ne. A al'adarsu ɗakin tabarmin kaba na mace ne, danginta ne suke haɗa mata shi lokacin aure, miji ne yake tarewa wajenta. In aure ya mutu shi ne zai ɗauki sirdinsa ya fita. Awaki ma galibi a hannun mata suke. Da maza sun tafi, ƴan mata da matan aure su kora garke zuwa cikin kwazazzabai, su yi watanni a daji suna tatsa suna yin cuku. Su ke kakkaɓo ƴaƴan itace wa awaki in ciyawa ta ƙare, su ke fama da dila. Tsofaffi da ƙananan yara da masu garka ne suke saura a gari. Wani masani Bajamushe, Gerd Spittler, ya daɗe yana zama cikin mutanen Timiya, ya yi rubutu a kan aikin makiyayansu da kuma yadda suka ci yunwar 1984. Abin da ya fi tsaya mani a rai daga karatunsa shi ne yadda ya ɗauki kiwon matan nan a matsayin aiki mai ilimi, ba zaman jiran miji ba.

Watanni uku na damana ke nan suka rage wa iyali su zauna wuri ɗaya, kuma a cikinsu aka tura kusan duk wani abin farin ciki. A harshensu damana akasa ce. Bayanta gharat, sannan tagrest lokacin ɗari, sannan awelan lokacin zafi. Kalmar akasa tana nufin lokacin, tana kuma nufin ɗanyar ciyawar da ta tsiro, kamar dai ba su ga dalilin raba biyun ba. A akasa ne raƙuma suke hutawa suna ƙiba, nono ya wadata, hatsin da aka kawo daga kudu yana cikin buhu. A akasa ake yawan ɗaura aure. Mu a kudu sai bayan kaka muke biki, lokacin da rumbu ya cika. Su kuwa lokacin da muke shirin biki suna ɗaurin kaya. Ran da kakana yake murnar ganin baƙinsa, wata mata a Timiya ta yi mako uku da yin bankwana da mijinta.

Kwana uku da isata aka yi ruwa a kan duwatsu. Mu a gari ko ɗigo ba mu gani ba, sai ƙara muka ji daga nesa, yara suka ruga suna ihu. Ƙoramar da muka taka busasshiya da safe ta cika da jan ruwa, tana tafe da itatuwa. Washegari kusan rabin unguwa suka fita zuwa wurin da ruwa yake zubowa daga dutse, ƴar tafiya kaɗan daga gari. Mata da tabarmi da tukwane, maza da butar shayi da gawayi, an jawo ɗan akuya. Samari suna faɗawa cikin tafkin da ke ƙarƙashin dutsen, ruwan sanyi ƙarara har cikin ƙashi. Aka gasa gurasa cikin yashi da toka. Wani dattijo da aka ce ya haye Tenere ya fi sau ashirin yana zaune jikarsa na wasa da gefen rawaninsa, bai ce mata komai ba. Da yamma mata suka ɗaure fatar akuya a bakin turmi, shi ne tende, suka zauna suna waƙa da tafi, samari bisa raƙuman da suka sha ado suna zagaya su, kowa yana so a ce nasa ya fi iya taku. Ni da na saba ganin Ba'abzine shiru-shiru a bakin kasuwa yana auna gishiri, ban san suna dariya haka ba.

Wannan tsari ya daɗe. Lokacin da Heinrich Barth ya ratsa Abzin a 1850 ya zauna a Tintellust wajen shugaban Kel Ewey mai suna Annur, ya leƙa Agadas a watan Oktoba, sannan a Disamba ya bi ayarin gishiri zuwa Damargu. Ya lura cewa mutanen nan suna jin Hausa kamar harshensu. Ba abin mamaki ba ne ga wanda yake yin rabin shekara a kasuwanninmu. Kuma tarihin baka na Gobirawa yana cewa su ma a Abzin suka zauna kafin su gangaro kudu.

A nan ne karatuna na ilimin harsuna ya shigo, ku yi mani haƙuri. Masu bincike sun nuna cewa kalmarmu raƙumi daga harsunan Barbar ta zo, tushenta ɗaya da taghlamt, sunan da Kel Ewey suke kiran ayarin Bilma da shi. Cuku, wanda wasu ke cewa cukumar, daga takomart yake. Takarda ma ta hannunsu ta iso mana, su kuma asalinta daga Latin. Akala da takobi muna tarayya da su. Su kuwa jagoran ayari madugu suke ce mashi, kamar mu. Kalma ba ta ƙaura haka kawai, sai mutane sun zauna sun ci sun sha tare shekara da shekaru. Shi ya sa nake jin wani iri in ɗalibi ɗan'uwana ya ce «Buzayen nan» da irin muryar da ake maganar baƙi. Ita kanta kalmar Buzu ba kowane Ba'abzine yake son ta ba, don a da tana da ma'anar bawa.

Babban abin da ya fara karya wannan shekara tasu shi ne zuwan Faransawa, waɗanda suka riƙa ƙwace raƙuma don sufurin sojojinsu. Ga yunwar 1913 zuwa 1914 ta zo ta ƙara. A Disamba 1916 Kawsan, da goyon bayan Sarkin Agadas Tagama, ya kewaye barikin Faransawa na Agadas. Sai a Maris 1917 dakarun da suka taso daga Damagaram suka fasa kewayen. Ramuwar da ta biyo baya ta yi muni. An kashe malamai a Agadas, an kwashe dabbobi, an tilasta wa mutanen duwatsu barin garuruwansu. Da suka samu komawa, da yawa ba su da raƙumi ko ɗaya. Daga lokacin ne noman garka ya yaɗu sosai: a haƙa rijiya a gefen ƙorama, sa ko raƙumi ya ja guga, a shuka alkama da masara ƙarƙashin dabino. Lemu da rumman na Timiya da ake yabo yau, wani ɓangare na tarihinsu daga wannan asara ya fito. Garka kuma ta kawo sabon abu cikin gida, wato namijin da yake kwana a gari duk shekara. Iyalai da yawa suka raba ƴaƴansu maza, wani ga ayari wani ga garka, don in fari ya kashe raƙuma rijiya ta riƙe gida, in ambaliya ta cinye garka ayari ya riƙe.

Sauran mun fi saninsu. Farin 1973 da na 1984 sun rage raƙuma. Manyan motoci sun fara ɗauko gishirin Bilma. Arlit ta ja samari zuwa aikin yuraniyom tun farkon shekarun 1970, Libiya da Aljeriya ma sun ja nasu. Injin ban ruwa ya maye gurbin guga, albasar Abzin ta zama abin kuɗi, musamman wajen Tabelot. Daga 2014 zinariyar Jado da Cibarakaten ta kwashi wasu. Ayari bai mutu ba, na ga raƙumansa da idona, amma ya ragu. Mijin da yake Cibarakaten ba shi da watan dawowa sananne kamar madugu. Yakan kira a waya, yakan turo kuɗi. Wata gwaggon abokina ta ce mani da ta san ranar da za ta fara share ɗaki tana duban hanya, yanzu ba ta sani ba.

Akwai kuma zancen ƴan yawon buɗe ido. A shekarun 1980 Turawa suka yi ta zuwa da kat-kat, a 1991 UNESCO ta sa Abzin da Tenere cikin kayan gadon duniya. Tawayen 1990 zuwa 1995 ya tsayar da harkar, ta farfaɗo, tawayen 2007 da ya fara da harin Iferwan ya sake tsayar da ita. Bikin Abzin da ake yi a Iferwan tun 2001 da ɗari ake yinsa, lokacin da baƙo yake jin daɗin iska kuma hanya ta bushe. Ban raina shi ba, maƙera da masu jagora suna samun abinci da shi, kuma ya sa ƴan kudu da yawa sun taka arewa karo na farko. Sai dai in ka duba tsohuwar kalandar, watan da ake nuna wa duniya tende da tseren raƙuma shi ne watan da raƙuman suke gonar kakana, matan kuma suna daji da awaki. Hotunan da muke gani a Facebook na ɗari ne. Ranar da gari ya fita bakin ruwa a Agusta babu mai ɗaukar hoto, don hanya ma ba ta biyuwa.

Na baro Timiya farkon Satumba. A lokacin an fara gyaran igiyoyi da salkuna, an aiki yara su dubo inda afazo ya yi kyau. Da na je yi wa kakar abokina sallama ta ba ni cuku a ƙunshe cikin tsumma, ta tambaye ni da Hausar da ta fi tawa tsufa: «Ɗana, can wajenku mi ake ciki? Hatsi ya yi kai?» Na ce mata da na baro gida ana ruwa, amma ban san yadda aka ƙare ba. Ta ce in na isa in kira jikanta in gaya mashi, don ɗanta na biyu zai sauka Tasawa bana.