Asalin kalmar "magazine" da ma'anoninta a harsunan Turai

Kalmar "magazine" na daga cikin kalmomin da harsunan Turai da dama suka yi tarayya a kansu, sai dai kowane harshe da abin da yake nufi da ita. Ga Baturen Ingila mujalla ce, ga mutumin Rasha kanti ne, ga ɗan Italiya kuwa ɗakin ajiyar kaya.

Masana harsuna sun yi ittifaƙi cewa asalinta Larabci ne, daga kalmar "makhzan", wadda jam'inta shi ne "makhazin", wato wurin ajiya. Tushenta shi ne "khazana", ma'ana ya adana ko ya taskace.

Yadda ta shiga Turai

Ta hanyoyi biyu kalmar ta ƙetara tekun Bahar Rum. Ta farko ita ce fatauci tsakanin tasoshin jiragen ruwa na arewacin Afirka da biranen Italiya irin su Venice da Genoa da Pisa, inda fatake ke sauke hajarsu a manyan ɗakunan ajiya. Daga nan Italiyanci ya samu "magazzino", Faransanci kuma "magasin". An samu kalmar a wani rubutun Latin na birnin Marseille tun a shekarar 1228.

Hanya ta biyu ita ce Andalus, inda Musulmi suka yi mulki daga 711 zuwa 1492. A can an ari kalmar haɗe da "al" ɗinta na Larabci, shi ya sa Sifaniyawa ke cewa "almacén", mutanen Portugal kuma "armazém".

Daga rumbu zuwa mujalla

Ingilishi ya karɓi kalmar daga Faransanci a ƙarshen ƙarni na 16, da ma'anar rumbun kaya, musamman na makamai da albarushi. Wannan ma'ana ba ta ɓace ba, domin har yanzu da ita ake kiran gidan harsashin bindiga.

Babban sauyi ya zo ne a 1731, lokacin da wani mai ɗab'i a London, Edward Cave, ya fara fitar da The Gentleman's Magazine sau ɗaya a wata. Ya zaɓi sunan ne saboda ya ɗauki mujallar tamkar taska da ake tara labarai da ilmi iri-iri a cikinta. Da ta samu karɓuwa sai wasu suka bi sahu, har sabuwar ma'anar ta rinjayi tsohuwar.

Daga baya Faransawa sun sake aro kalmar daga Ingilishi. Don haka a yau suna da guda biyu: "magasin" na nufin kanti, "magazine" kuma mujalla. A Jamusanci "Magazin" ta haɗa ma'anar mujalla da rumbu da gidan harsashi, a yayin da a Rashanci "magazin" kanti ne, mujalla kuwa "zhurnal" suke ce mata.

A ƙasashen Larabawa da ƙasar Hausa

Su kansu Larabawa ba su kiran mujalla da wannan suna, "majalla" suke cewa, kuma daga nan Hausa ta samo tata kalmar. A ƙasar Maroko kuwa, "Makhzen" ta tashi daga ma'anar taskar da ake tara haraji ta zama sunan fadar sarki da masu riƙe da ragamar mulki.

Kalmar ta iso ƙasar Hausa ma, amma ta bakin Faransawa. "Mangaza" da ake faɗa, musamman a Jamhuriyar Nijar, ga ɗakin ajiyar hatsi ko kayan sayarwa, daga "magasin" ta fito. Ke nan bayan doguwar tafiya ta cikin Turai, kalmar ta dawo Afirka da ma'anarta ta asali.