Chmod 777: Barkwancin Masu Kwamfuta da Haɗarin da Ke Bayansa

Chmod umarni ne da ake rubutawa a baƙin allon kwamfuta domin tantance wanda ke da ikon taɓa fayil. Ya samo asali ne daga manhajar Unix, wadda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara ginawa a Bell Labs da ke Amurka a 1969. Linux, wadda Linus Torvalds ya fitar a 1991, ta gaji tsarin, kuma a kanta ne akasarin shafukan intanet suke zaune a yau.

Tsarin ya kasa mutane gida uku: mai fayil, 'yan rukuninsa, da sauran jama'a. Izini ma uku ne, kowanne da lambarsa: karantawa 4, rubutawa 2, gudanarwa 1. Wanda aka haɗa masa duka ya samu 7. Ke nan 644 na nufin mai fayil ya karanta ya gyara, saura kuwa karatu kawai. Lambar 600 ta rufe ƙofa ga kowa sai mai ita, 777 kuma ta buɗe ta ga duk wanda ya samu shiga na'urar.

Nan ne tushen barkwancin. Idan manhaja ta ƙi aiki saboda rashin izini, ɗan koyo yakan buga 777, matsalar ta kau nan take. Ƙwararru kan yi masa tsiya da cewa ya yi maganin makullin da ya cije ta hanyar cire ƙyauren ɗakin. Haka umarnin sudo, mai ba mutum ikon shugaban na'ura na ɗan lokaci, ya zama abin raha: kwamfutar da ta ƙi bin umarni sai ta rusuna da zarar an ambaci kalmar, kamar masinjan da aka ce masa “oga ne ya aiko ni”.

Batun ya shafi Jigawa kai-tsaye. Tun zamanin Gwamna Saminu Turaki, daga 1999 zuwa 2007, jihar ta zuba jari a fasahar sadarwa, ta kafa cibiyar koyar da kwamfuta a Kazaure. A 2011 aka buɗe Jami'ar Tarayya ta Dutse. Matashin Ringim da ya cike fom ɗin makaranta ko na neman aiki ta intanet, sunansa da lambar NIN ɗinsa suna komawa ne cikin wani fayil, kuma wani ma'aikaci ne ya zaɓa wa fayil ɗin lambar izini.

Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta wajabta wa duk mai riƙe bayanan jama'a ya ɗauki matakan tsare su, hukumar NDPC kuma ke sa ido. Ƙa'idar masana ita ce a bai wa kowa izinin da aikinsa ke buƙata kawai. Saboda haka, duk ma'aikatar da ta ƙaddamar da sabon shafin rajista, 'yan ƙasa na da hurumin tambayarta: su wa ke iya karanta bayanan, su wa kuma ke iya sauya su?