Tsohon Fim ɗin Dutsen Eiger da Idon Mutanen Yamai

A shekarun 1950 da 1960, kamfanoni biyu na Turawa, COMACICO da SECMA, su ke riƙe da rarraba finafinai a ƙasashen Afirka rainon Faransa. Ta hannunsu gidajen silima na birane irin Yamai suka cika da finafinan kaboyi da na ƴan leƙen asiri, inda Bature ne jarumi kullum, sauran jama'a kuwa ko masu hidima ko abin dariya. Daga wannan zuriya The Eiger Sanction ya fito a 1975, wanda Faransawa suka kira La Sanction. Clint Eastwood ya ba da umarni kuma ya fito a matsayin malamin jami'a mai kisa don kuɗi, aka tura shi dutsen Eiger na Suwizalan, mai tsayin mita 3,967, ya gano abokin gaba cikin abokan hawansa. Hawan na gaske ne, har wani mahayi ɗan Ingila, David Knowles, ya rasu da dutse ya faɗo masa lokacin ɗauka a 1974.

Wannan jarumta ba ta wanke abin da ke cikin labarin ba. An mai da zabiya mugun shugaban ƴan leƙen asiri, kamar launin fatarsa shi ne shaidar muguntarsa. Baƙar fatar da Vonetta McGee ta fito a matsayinta an raɗa mata Jemima, sunan da ke tuna wa Amurkawa kuyangar madafa. Masu kare fim ɗin sukan ce zamaninsu ne ya zo da haka, kada a auna jiya da mudun yau. Tarihin Yamai ya rushe wannan uzuri. Tun 1966 Moustapha Alassane ya yi Le Retour d'un aventurier, labarin matashin da ya dawo ƙauye da kayan kaboyi ya raba wa abokansa, suka koma fashi da kisa. Oumarou Ganda, wanda ya yi wa Faransa yaƙi a Indochina, ya fitar da Cabascabo a 1969, ya ɗora tsohon sojan Afirka a tsakiyar labari. Ashe shekaru kafin Eastwood ya taka Eiger, ƴan Nijar sun gane dafin da ke cikin irin wannan nishaɗi, sun mayar da martani da kamara.

Wasu kuma na ganin gara a binne irin waɗannan finafinai gaba ɗaya. Ban yarda ba. Matashin da bai ga yadda aka siffanta kakanninsa a allo ba, ba zai gane abin da Alassane da Ganda suka tsaya yaƙa ba. A 2024 aka sauya wa cibiyar al'adu ta Jean Rouch da ke Yamai suna zuwa na Moustapha Alassane. Hakkin wannan suna shi ne a riƙa nuna tsohon fim ɗin Amurka a jere da na Nijar na zamaninsa, sannan a buɗe muhawara, matasa su yanke hukunci da hujja a hannunsu.