Ƙumbar Teku: Daga Kaburburan Ur Zuwa Teburin Ado

A Turai da Amurka, idan bazara ta shigo, mutane kan narka kakin kyandir su zuba a cikin ƙumbar teku, su dasa lagwani, su ƙawata teburin cin abinci. Wannan ado yana da tsohon asali.

Tsakanin 1922 da 1934, Leonard Woolley ya haƙa kufan birnin Ur a kudancin Iraƙi. A kaburburan sarakunan birnin, masu shekaru kimanin 4,500, ya samu manyan ƙumbobin teku da aka yanke, ya kuma ɗauke su a matsayin fitilu. Tsarin irin wannan fitila ɗaya ne da na aci-balbal: mai a cikin mazubi, lagwani a baki.

Kyandir kuwa ya daɗe yana raba mai hali da talaka a Turai. Na kakin zuma na coci ne da fada, talaka sai na kitse mai hayaƙi da ƙauri. Binciken Michel Chevreul kan kitse a Faransa, da man farafin da James Young ya yi wa rajista a 1850, su suka arahantar da kyandir mai tsabta. Da lantarki ya wadata a can, kyandir ya koma kayan ado.