Musayar reshen aure tsakanin masu garka: yadda ake karɓa, da abin da ke biyo reshen

Duk wanda ya taɓa shan mangwaro mai daɗi, ya ɗauki ƙwallon ya binne bayan ɗaki, ya san yadda labarin yake ƙarewa. Shekara shida ko bakwai yana ban ruwa, yana kore awaki, ran da iccen ya yi ɗiya sai ga ƴan ƙanana masu zare, ba su da kama da wanda ya sha. Ba wanda ya cuce shi. Irin manyan mangwaron nan, su Kent da Keitt, ƙwallonsu ba ya maido da uwa, kamar yadda ɗa ba dole ya ɗauko kamannin uwarsa ba. Mangwaron gida mai zare shi ne ke maimaita kansa, shi ya sa za ku ga ƙwallo guda ya fid da tsiro biyu ko uku.

Hanyar da ake samun ainihin iccen da ake so ita ce aure, abin da masu garka da yawa a nan Nijar ke kira grefe. Ana yanko ɗan reshe daga iccen kirki, a ɗaura shi a jikin ƙaramin icce mai ƙarfin saiwa, su haɗe su zama ɗaya. Na ƙasa, wato gindi, shi ke jan ruwa yana jure ƙasa da fari. Na sama shi ke ba da ɗiya. Mangwaro mai aure yakan fara ɗiya a shekara ta uku ko ta huɗu.

Reshen nan ba dangin uwarsa ba ne, ita ce da kanta. Kent, alal misali, icce ɗaya ne tak da ya tsiro a jihar Fulorida ta Amurka a shekarun 1930. Duk wani Kent da ke garaken Gaya, ko na bakin gulbin Maraɗi, ko na Matamai, daga jikin wannan icce ya fito, hannu zuwa hannu, reshe bayan reshe. Shi ya sa musayar reshe tsakanin maƙwabta, abokai da ƴan uwa ta fi ƙarfin wasa. Kyauta ce da ba ta kai kuɗin goro ba, amma ita za ta yanke abin da garkarka za ta ba ka shekara ashirin ko talatin masu zuwa. Kuma reshen da ya kawo maka zaƙin uwarsa, idan uwar tana da cuta, da cutar zai zo.

Wa ke auren wa

Icce yana karɓar ɗan jinsinsa ne ko na kusa da shi. Mangwaro sai kan mangwaro. Dangin lemu suna karɓar juna: lemun zaƙi, tanjalo, mandarin da pampulemus duka ana aura su kan gindin lemu mai tsami da aka shuka daga ƙwaya. Maganar aura mangwaro kan darbejiya ko lemu kan gwaba, hirar majalisa ce kawai. Dabino ba a yi masa aure sam, ɗan da ya fito a gindin uwa ake cirewa a dasa, haka ayaba. Gwaba kuwa ta fi sauƙi da dabarar ɗaure ƙasa mai laima a jikin reshe har ya yi saiwa. Kuka da tsamiya suna karɓar aure, kuma yana rage musu shekarun jira ƙwarai.

Wadda ta fi dacewa da mai gonar tudu da ba shi da rijiya ita ce magarya. Akwai irinta na ƙasar Indiya masu manyan ɗiya, su Gola, Seb da Umran, waɗanda aka fi sani da sunan faransanci Pomme du Sahel, wato tuffar Sahel. Cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai kan hanyar Say, ta yi aikin yaɗa su sosai a shekarun 2000, lokacin da masani Dov Pasternak yake wurin. Daɗin abin shi ne gindin yana nan gonarka tun tuni: magaryar da ta fito da kanta, wadda ake sarewa lokacin sassabe. A sare ta ƙarshen rani, idan ta yi sabon toho da damana a zaɓi mai ƙarfi a aura mata. Saiwarta ta riga ta yi nisa cikin ƙasa, don haka ba ta neman ban ruwa irin na sabon dashe. Sai dai a sani, tana son a dinga yi mata aski kowace shekara, ƙudan da ke sa tsutsa yana son ɗiyanta, tsuntsaye ma haka, kuma ɗanyar ba ta daɗewa bayan an tsinke.

Ka ga uwar da idonka

Idan za ka karɓi reshe, je ka ga iccen lokacin da yake ɗauke da ɗiya, ka sha, ka tambayi mai shi ko kowace shekara yake yi ko yana tsallake wata. Suna kaɗai ba ya isa, don a garake da yawa duk babban mangwaro grefe ake ce masa, kuma iri ɗaya yana iya samun suna uku tsakanin Konni da Magarya. Tambayi watan da yake nuna. Amelie, wanda wasu ke kira gwamna, yana fitowa da wuri. Kent yana biye, Keitt kuma na ƙarshen lokaci ne, har cikin damana. Mai iri uku a garka yana sayarwa wata da watanni, mai iri ɗaya kuwa duk nasa ke nuna ran da kasuwa ta cika. A ganinmu wannan shi ne babban amfanin musaya: ka ba da na farkon lokaci, ka karɓi na ƙarshe.

Wani kuskure da ake yawan yi, ba tare da mugun nufi ba: iccen da aka aura yakan fid da toho daga ƙasan wurin auren. Wannan tohon na gindi ne, mai zare. Yaron da aka aika ya yanko yana iya ɗebo shi don ya fi kusa da hannu. Shekara huɗu bayan haka ake gane abin da ya faru, zumunci ya yi tsami a banza. A yanko daga rassan sama da aka ga sun yi ɗiya, kuma mai iccen ya tsaya a wurin.

A nemi izini. Mai garka ba ya rasa komai idan ya ba da reshe goma, amma wanda ya shiga da dare yana karya rassa yana ɓata ɗiyan baɗi, kuma sau da yawa abin da ya sato ba ya kamawa.

Yanka da ɗauka

Reshen mangwaro da ake so shi ne na ƙarshen reshe, mai kaurin fensir, tsawon santimita 10 zuwa 15, wanda ganyensa ya riga ya yi kore shar ya yi ƙwari, idon bakinsa ya kumbura amma bai buɗe ba. Sabon toho mai jan ganye ruwa ne, zai bushe. Dabara mai kyau ita ce a sanar da mai iccen tun da sauran mako guda ko kwana goma, ya yanke ganyen reshen yana kan uwa, ya bar ƴan sandunan ganyen. Kafin ranar yanka sandunan sun zube, idon ya cika, kuma irin wannan ya fi saurin kamawa.

A yanka da sassafe. A cire sauran ganye nan take, don ta ganye ruwa ke fita. A naɗe cikin tsumma ko takarda da aka jiƙa aka matse, a sa cikin leda, a ajiye a inuwa. Gindin randa wuri ne mai kyau. Kada a tsoma cikin bokitin ruwa a bar shi kwana, kada kuma a sa wurin ƙanƙara na firji. Wanda aka aura ranar da aka yanka ya fi kowane. Kwana biyu zuwa uku ana iya samu idan an kula, bayan nan sa'a ce.

Saboda haka a shirya gindi kafin a karɓi reshe, ba bayan an karɓa ba. Idan za a aiko daga nesa, misali daga Yamai zuwa Maraɗi, tafiyar wuni guda ce a mota, sai a kira a tabbatar akwai mai tarba a tasha, a kuma roƙi direba kada ya sa ƙunshin saman mota cikin rana ko kusa da inji. Kowane iri a ɗaure shi dabam da sunansa a takarda, da fensir, don tawadar biro tana narkewa da laima. Idan an cire ganye, duk rassan mangwaro kamarsu ɗaya, ko mai iccen ba zai bambance ba.

Lokacin da ya fi dacewa a yankinmu shi ne damana, daga Yuni zuwa Satumba, sa'ad da ruwan icce ke gudu, ɓawo yana ɗagowa da sauƙi. Zafin Afrilu da Mayu yana ƙona reshe, iskar hunturu tana busar da shi. Mai rumfa da ruwa yana iya gwadawa a wasu watanni, amma sabon koyo ya tsaya ga damana.

Auren kansa

Gindin mangwaro yakan isa aure yana da wata shida zuwa shekara, idan ya kai kaurin fensir. Ana yi a tsayin kamar taƙi ɗaya da rabi daga ƙasa. Ko dai a fere gefen gindin a manna reshen da aka fere daidai, ko a yanke kan gindin a tsaga shi, a fiƙe reshen fuska biyu a cusa. Lemu da magarya ana iya yi musu da ido ɗaya kacal, a tsaga ɓawo a zura shi, don haka sanda guda ta lemu tana iya aurar da itatuwa biyar ko shida.

Kowace hanya aka bi, sirrin ɗaya ne. Tsakanin ɓawo da itacen ciki akwai wata ɗanyar fata mai santsi, ita ce mai rai, ita ke haɗewa. Dole ta reshe ta taɓa ta gindi, ko da a gefe ɗaya ne. Wuƙa ta zama mai kaifi kamar aska, yanka ɗaya, ba a taɓa wurin da yatsa. A naɗe da tsinken leda tamau yadda ruwan sama da iska ba za su shiga ba. Bayan mako biyu zuwa uku a duba: idan reshen yana kore ya kama, idan ya yi baƙi sai a sake. Daga nan a dinga cire duk tohon da ya fito ƙasan auren, a sassauta ledar kafin ta shaƙe iccen, a kafa sanda saboda iska. Furen shekarar farko a tsinke shi, ko da rai ba ya so. Wannan aiki da ido ake koyonsa. Wuni guda wurin mai pepiniyar da ya ƙware, ko ma'aikacin noma ko na gandun daji na komin ɗinku, ya fi karatu mai yawa.

Ga ƴan uwa mazauna ƙetare

Masu zaune Gana, Kodebuwa, Burkina ko Togo suna ganin mangwaron da ba a gani gida, kuma zuciya tana raya wa mutum ya sako reshe biyu cikin jaka don garkar baba. Niyyar mai kyau ce, amma a nan haɗarin ya fi girma. Akwai cutar baƙin tabo ta mangwaro da masana suka tabbatar a Gana, Burkina Faso da Mali tun farkon shekarun 2010. Tana sa baƙaƙen ɗigo a ganye, ɗiya su tsattsage suna fid da ƙaro, su zube kafin su nuna, kuma Kent da Keitt na cikin waɗanda take kamawa sosai. Reshen aure na ɗaya daga cikin hanyoyin da take tafiya nesa. Farin ƙwaron nan mai kama da auduga, wanda ke barin ganye baƙi kamar an shafa kunkunniya, shi ma baƙo ne daga Asiya, ya shigo ta Togo da Gana a farkon shekarun 1980, kuma yana maƙalewa a lungun reshe. Dangin lemu suna da cutar da ake kira tiristeza, wadda icce ke iya ɗauke da ita ba alama, ido ɗaya da aka aura ya kai ta sabuwar garka. Ba ta da maganin feshi.

Ƙudan tsutsa kuwa cikin ɗiya yake tafiya, ba cikin reshe ba, don haka tsarabar mangwaro ma a duba ta, wanda ya ruɓe a binne shi da zurfi ko a ƙulle shi cikin baƙar leda a rana.

Doka ta tanadi ma'aikatan kare tsirrai a kan iyakoki don irin wannan, kuma tsallako da reshe yana bukatar takardarsu. Mafi sauƙi ga mai son taimaka wa gida shi ne ya aiko da kuɗin, a sayi dashe ko reshe a nan. Yawancin irin da yake gani can suna cikin ƙasa tun tuni, kuma ana iya tambayar cibiyar INRAN, ko ƙungiyar RECA da ɗakunan manoma na jahohi, inda za a same su.

Ko tsakanin garka da garka a gari ɗaya, kada a karɓa daga iccen da ke da baƙin tabo, ko ƙaro na tsiyaya a rassansa, ko ganyensa na yin rawaya yana bushewa daga sama. Wuƙa da almakashi a goge su da ruwan javel ko alkol kafin a bar wani icce zuwa wani. Sabon auren da reshensa ya zo daga nesa a ajiye shi gefe guda na garka, a sa masa ido har damana ta zagayo, kafin a fara yankar reshe daga jikinsa a ba wasu.