Katsewar Sabis da Ƙarancin Takardun Kuɗi a Yankin Birchi: Nazarin Tasirinsu a kan Lafiya, Kasuwanci da Wasanni

Tsakure

Cikin shekara ɗaya da rabi, yankin Birchi da ke tsakiyar Jihar Katsina ya shiga hali iri biyu masu kishiyantar juna. A ƙarshen 2021 akwai kuɗi a hannu amma babu sabis ɗin waya. A farkon 2023 akwai sabis amma babu takardun kuɗi. Wannan maƙala ta bi diddigin matakan hukuma da suka haifar da hakan, ta nuna yadda waya ta zama jigon jinya da ciniki da kallon ƙwallo a karkara, sannan ta kawo hanyar da ta dace manazarta su bi wajen auna ɓarnar.

1.0 Yankin Nazari

Birchi gari ne a ƙaramar hukumar Kurfi, wadda ke maƙwabtaka da Dutsin-Ma. Noma da kiwo da fatauci su ne sana'o'in jama'a, kuma hidimomin da suka fi ƙarfin ƙauye, kamar babban asibiti da banki da manyan makarantu, sai an je Kurfi ko Dutsin-Ma ko birnin Katsina. A Dutsin-Ma ne Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011 take, haka ma Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, ga kuma madatsar ruwa ta Zobe a kusa. Daga yamma akwai Safana da Batsari, bakin dajin Rugu, inda 'yan bindiga suka daɗe da samun mafaka. Kusancin nan ne ya jefa yankin cikin jerin wuraren da dokokin tsaro suka fi takurawa.

2.0 Matakan 2021

A ƙarshen watan Agusta 2021, Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a kan dokar daƙile matsalar tsaro. Dokar ta hana sayar da dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi 14, ciki har da Dutsin-Ma da Charanchi, ta hana sayar da fetur a jarka, ta kuma hana goyon mutum fiye da ɗaya a babur. A watan Satumba, kwanaki kaɗan bayan an katse sabis a Zamfara, aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, Kurfi da Dutsin-Ma na ciki. Aka kuma rufe shagunan cajin waya a wuraren da matsalar ta shafa. Hujjar gwamnati ita ce raba 'yan bindiga da masu kai musu rahoto, da toshe hanyar cinikin kuɗin fansa. Sai a watan Disamba aka ba da umarnin dawo da sabis.

Garuruwan bakin iyaka irin su Jibiya sun ɗan samu sauƙi, domin layukan Jamhuriyar Nijar kan kama a wasu wurarensu. Birchi na nesa da iyaka. Duk mai buƙatar kira ko tura kuɗi sai ya hau mota ko babur zuwa inda sabis yake, a daidai lokacin da fetur ya yi wuya, hanya kuma ba ta da aminci.

3.0 Kiwon Lafiya

Ra'in da ya fi dacewa da wannan fage shi ne na jinkiri uku, wanda Sereen Thaddeus da Deborah Maine suka gabatar a 1994 game da mutuwar mata wajen haihuwa: jinkirin yanke shawarar neman taimako, jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. An gina ra'in tun kafin wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001, amma a yau kowane ɗaya daga cikin ukun yana rataye da ita.

A gidajen Hausawa da yawa mace ba ta fita asibiti sai da izinin maigida. Idan yana ci-rani a Kano ko Abuja ko Legas, da waya ake neman izinin, da ita kuma yake turo kuɗin magani. Babu sabis, sai naƙuda ta tsananta ana jiran shawarar wanda ba a iya ji daga gare shi. Jinkiri na biyu ya fi bayyana: da tsakar dare, da waya ake tayar da mai mota ko ɗan acaɓa, ga kuma dokar da ta hana a goya mara lafiya tare da mai riƙe ta a babur ɗaya. Na uku shi ne wanda ba a cika lura da shi ba. Ma'aikaciyar ƙaramin asibiti da ta ga jini ya ɓalle takan kira babban asibiti tun kafin a taso, dangi kuma su kirawo 'yan'uwan da za su ba da jini. Duk wannan shiri ya tsaya cik na tsawon wata uku.

Lokacin ma ya ƙara muni. Watan Satumba da Oktoba su ne ganiyar zazzaɓin cizon sauro a ƙasar Hausa, kuma a tsakanin Yuli da Oktoba ake bi gida-gida ana raba maganin rigakafinsa ga yara 'yan wata 3 zuwa 59, shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012, aka kuma fara gwada shi a Jihar Katsina a 2013. A shekarar 2021 ɗin ce kuma annobar amai da gudawa ta kama fiye da mutum 100,000 a Najeriya, Katsina na cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna. Rahoton ɓullar cuta irin wannan da waya yake tafiya daga ƙauye zuwa jami'in sa ido na ƙaramar hukuma.

A nan ne manazarci zai yi taka-tsantsan. Alƙaluman asibitoci na wata-wata ana shigar da su ne a manhajar DHIS2, wadda ke buƙatar intanet. Idan aka ga adadin masu haihuwa a asibiti ko masu zazzaɓi ya faɗi a waɗannan watanni, ba lallai ne cutar ta ragu ba: ko dai marasa lafiya sun kasa zuwa, ko kuwa sun zo amma rahoton bai isa ba. Wanda ya karanta alƙaluman daga ofis ba tare da duba rajistar takarda ba, zai iya ɗaukar lokacin wahala a matsayin lokacin sauƙi, kuma wannan kuskure ne mai tsada domin da irin waɗannan alƙaluma ake raba magani.

4.0 Kasuwanci da Sauya Fasalin Naira

A garin da babu reshen banki, mai POS shi ne banki. Na'urarsa da layin waya take aiki, don haka katse sabis ya rufe shagonsa kai tsaye. Duk da haka ciniki bai mutu ba a 2021, domin masara da gero da awaki da tsabar kuɗi aka saba sayensu. Abin da manomi ya rasa shi ne labarin farashi. Wanda a da zai kira Dawanau ko Funtuwa ya ji yadda buhu yake kafin ya sallama, ya koma karɓar abin da dillali ya faɗa, kuma a lokacin kaka.

Sai al'amarin ya juye. Ranar 26 ga Oktoba 2022, gwamnan Babban Bankin Najeriya, Godwin Emefiele, ya sanar da sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000. Sababbin sun fara yawo ranar 15 ga Disamba, aka sa 31 ga Janairu 2023 a matsayin wa'adin tsofaffin, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Sababbin ba su wadata ba. Jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai ƙara, kuma ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin har ƙarshen shekarar. A tsakanin nan, mai shago da mai nama da mai shayi sun koyi karɓar taransifa, kamfanoni irin su OPay da Moniepoint da PalmPay suka bazu. Waɗanda aka bari a baya su ne matan kulle masu sana'ar cikin gida, waɗanda cinikinsu na ƙananan kuɗi ne ta hannun yara masu talla, da makiyayan da ba su da asusu. Ma'anar wannan ita ce, da za a sake katse sabis a yau, ɓarnar za ta zarce ta 2021, domin kaso mai yawa na cinikin ya riga ya koma cikin waya.

5.0 Wasanni

Gidan kallon ƙwallo da tauraron ɗan'adam yake kama hoto, saboda haka katse sabis bai kashe shi kai tsaye ba. Ya dai taɓa shi ta gefe biyu: biyan kuɗin wata na tashoshi ta waya ko POS ake yi, janareto kuma da fetur ɗin jarka yake aiki. Gasar Firimiya ta Ingila ta fara a watan Agusta na 2021, wato matakan sun faɗo a farkon kakar da masu gidajen kallo ke cin kasuwa. Matashin da aka rufe masa shagon caji, aka taƙaita masa acaɓa, wurin hirarsa ma ya shiga tangal-tangal, batu ne da ya cancanci a nazarce shi ta fuskar tsaron kansa.

6.0 Hanyar Auna Tasirin

Yadda dokokin suka faɗo ya ba manazarta damar kwatance. Dutsin-Ma ta haɗu da katse sabis da hana cinikin dabbobi gaba ɗaya, alhali Charanchi, maƙwabciyar Kurfi, an hana cinikin dabbobi a kasuwarta amma ba ta cikin ƙananan hukumomi 13 da aka katse wa layi. Kwatanta rajistar haihuwa da ta zazzaɓi a ƙananan asibitocin ɓangarorin biyu, daga Yuni 2021 zuwa Maris 2022, zai taimaka wajen rarrabe tasirin sabis daga na sauran matakan. Sai dai iyakar ƙaramar hukuma ba ita ce iyakar turken sabis ba, don haka wajibi ne a tantance ƙauye bayan ƙauye inda layi ya ɗauke da inda ya rage. Tambayoyin da ake aikawa ta waya ko intanet ba su dace da wannan aiki ba, domin suna tsallake mutanen da abin ya fi shafa. Ana buƙatar ganawa ido da ido da ungozomomi da masu POS da sarakunan kasuwa, da kuma mata masu tattara bayanai da za su iya shiga cikin gidaje, aikin da sassan Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma suka fi kowa kusa da shi.