Tunanin siyasa a ƙasar Boɗinga da Shagari

Boɗinga da Shagari ƙananan hukumomi ne a kudu da birnin Sakkwato. A nan aka yi muhawara mai tsawo kan iyakar ikon mai mulki, haƙƙin talaka, da matsayin addini a sha'anin jama'a. Tun zamanin masu jihadi har zuwa mulkin farar hula, abin da masu tunani na yankin suka fi tsoro shi ne iko ya kuɓuce wa linzamin shari'a da tarbiyya, ko a hannun sarki yake ko a hannun zaɓaɓɓe.

Asali

Kafin hijirar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo zuwa Gudu a 1804, jama'arsa sun daɗe suna kokawa da mulkin Gobir. Littafin Shehu, Kitabul Farƙi, ya jero laifuffukan sarakunan lokacin: jangali da kuɗin gari, gaisuwar da ake kai wa mahukunta kafin a saurari ƙara, ƙwace dukiyar talaka a kasuwa, da tilasta wa mutum zuba ƙasa a kansa gaban sarki. An kuma yi tir da bautar da Musulmi ɗa. Sai dai 'yancin da ake nema yana da iyaka, domin daular da aka kafa bayan jihadi ta ci gaba da riƙe bayi masu ɗimbin yawa.

Zaman Sifawa da Boɗinga

Bayan faɗuwar Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808, Shehu ya zauna a Sifawa, cikin ƙasar Boɗinga ta yau, har zuwa 1815. Ƙanensa Abdullahi ya zauna kusa da shi a Boɗinga, shi ya sa ake masa laƙabi da Mai Boɗinga. A 1812 aka raba kula da daular: yamma ga Abdullahi, gabas ga Muhammadu Bello ɗan Shehu.

Abdullahi ya fi kowa ɗari-ɗari da nasarar da aka samu. Tun ana tsakar yaƙi ya ga wasu mayaƙa sun koma neman ganima, ƙwaraƙwarai, manyan riguna da dawaki na ƙawa, sai ya bar jama'a da niyyar tafiya Makka. Mutanen Kano suka roƙe shi ya tsaya, ya rubuta musu Diya'ul Hukkami. A ganinsa, malamai da dattawan al'umma ne ke zaɓen shugaba, dole ya riƙa shawara, kuma baitulmali ba aljihunsa ba ne. Ya ƙi yarda da sarautar gado, ya soki tambura da ado da kiran shugaban Musulmi da sunan sarki irin na da.

Shehu bai bi shi a kan wannan tsanani duka ba. A Najmul Ikhwani na 1812 ya nuna cewa abin da malamai suka yi saɓani a kansa bai kamata a tsananta wa jama'a ba. Yaya da ƙane suka yi ta mayar wa juna da martani a rubuce, ba tare da zumunci ya lalace ba. Bello kuwa, a Usulus Siyasa da ya rubuta wa Ummarun Dallaje na Katsina, ya ɗora wa talakawa nasu alhakin: halin jama'a ke jawo musu irin shugaban da suke samu.

Ba a jima ba aka gwada waɗannan ƙa'idoji. Da Shehu ya rasu a 1817, Bello aka yi wa mubaya'a, Abdullahi ya koma Gwandu. Abdussalami, tsohon almajirin Shehu, ya yi tawaye a Kware yana ƙorafin rashin adalci, aka murƙushe shi a 1818.

Kusan wannan zamani, Bafaranshe Alexis de Tocqueville ya fitar da littafinsa kan dimokuraɗiyyar Amurka a 1835, yana gargaɗi game da danniyar masu rinjaye, yana ganin addini ne ke kare 'yanci. Abdullahi ɓacin shugabanni ya ji wa tsoro fiye da rinjayen talakawa, amma maganin da su biyun suka hango kusan ɗaya ne.

Zamanin zaɓe

Da siyasar jam'iyyu ta shigo Arewa, tsohuwar tambayar ta dawo. Sa'adu Zungur, a waƙarsa Arewa Jumhuriya ko Mulukiya, ya tsoratar da sarakuna cewa in ba su gyara ba jamhuriya za ta share su, ya kuma nuna fargabar rikicin da za ta zo da shi. Jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano, wadda aka kafa a 1950, ta riƙa kafa hujja da littattafan masu jihadi wajen sukar mulkin En'e.

Alhaji Shehu Shagari, haifaffen garin Shagari a 1925, malamin makaranta ne da ya shiga majalisar wakilai a 1954 ƙarƙashin jam'iyyar NPC. A 1978 shi da Jean Boyd suka wallafa littafi kan shugabancin Shehu Usmanu. Bayan ya zama shugaban ƙasa a 1979, ya ƙaddamar da shirin gyaran ɗabi'u a 1982, sannan a 1983 ya kafa ma'aikatar tarbiyyar ƙasa ya danƙa wa Maitama Sule. Ranar 31 ga Disamba 1983 sojoji suka hamɓarar da gwamnatinsa bisa zargin cin hanci da maguɗin zaɓe. Ya rasu a 2018, aka binne shi a Shagari.

Har yau ana karantar da littattafan Abdullahi da Bello a zaurukan malamai da Jami'ar Usmanu Danfodiyo, kuma masu wa'azi kan jawo su duk lokacin da zaɓe ya ƙarato.